Asabar a kan ruwan Benis, a tsaye

Tun daren jiya matar da za ta jagorance mu yawon tuƙa allo a tsaye a kan ruwa ta aiko da saƙo cewa kada kowa ya makara. Ta ce ruwa zai ciko da hantsi, ya fara janyewa bayan azahar, kuma inda za mu, in ya janye sai laka. Saboda haka ina idar da sallar asuba na kama hanyar tasha. Daga Padova, inda nake karatu a Italiya, zuwa birnin Benis tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa, ƙarshenta a kan wata gada mai tsawon kusan kilomita 4, ruwa dama da hagu. Na sha zuwa garin nan da ƙafa, na bi gadoji na sha cunkoso tare da sauran baƙi. Yau ce ranar farko da na shige shi ta ruwa.

Ba cikin gari muka fara ba. Jagorar tamu, wata dattijuwa mai ƙarfin dantse wadda aka haifa a unguwar Cannaregio, ta ɗebe mu a ƙaramin jirginta zuwa tsibirin Sant'Erasmo da ke gabas da birnin. Tsibirin manoma ne, gonakin kayan lambu da na inabi, shi ya daɗe yana ciyar da kasuwar birni. A bakin ruwa muka hura allunan da za mu hau, irin waɗanda ake cika wa iska, da famfo har suka yi tauri. Allon ya fi mita 3 tsawo, faɗinsa ya isa mutum ya tsaya ƙafafu a ware. Aka ɗaura wa kowa igiya a idon sawu wadda ke haɗe da allon, aka ba mu rigar ceto da dogon filafili. Ta ce mu fara a durƙushe, in hankali ya kwanta mu miƙe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a nesa. Wanda ya tsura wa ƙafarsa ido, in ji ta, shi ke faɗuwa.

Da na miƙe sai Yawuri ta faɗo mini a rai. Ina yaro nakan zauna a bakin Kwara in kalli Sarkawa tsaye a bayan kwalekwale suna tura gora, jiki a sake, suna hira da na wancan jirgi. Ban taɓa tambayar kaina yadda suke yi ba. Yau ƙafafuna suka ba ni amsa: ba a yin gardama da ruwa, in ya ɗaga ka sai ka bi shi, gwiwa ce ke shanye motsin.

Tafkin nan da ya kewaye Benis faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 550, amma yawancinsa bai fi zurfin mita ɗaya ba. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Daga jirgin ƙasa sai ka ɗauka teku ce, alhali a wurare da yawa filafilina taɓa ƙasa yake yi. Ina ganin ciyawar ƙarƙashin ruwa tana kwantawa ta bi inda ruwa ya nufa, ƙaguwa na gudu a kan laka, ƙananan kifaye na watsewa daga inuwar allona. Ta ƙofofi uku tekun Adiriyatik ke shigowa, Lido da Malamocco da Chioggia, ya ciko sau biyu a yini ya janye sau biyu. Wannan shiga da fita ita ke wanke lungunan birnin tun fil azal. Manyan jirage kuwa ba su da hanya sai inda aka kafa turaku, itatuwa uku-uku a ɗaure kansu ɗaya, jere har iya ganinka. Wanda ya kauce musu zai kafe. An ce rashin zurfin nan ne ya zame wa birnin ganuwa shekaru aru-aru, don baƙon da bai san hanya ba ba ya isowa da jirgin yaƙi.

Muka shiga tsakanin wasu filaye da ba a ce musu tudu ba a ce musu ruwa, mutanen nan suna kiransu barene. Ƙasa ce ta laka da ta ɗan ɗara ruwa da kamu ɗaya ko biyu, ciyawar gishiri ta rufe ta, wata ta fara yin ja, wata da sauran fure shuɗi-shuɗi. Ƙananan hanyoyi sun ratsa su suna lanƙwasa, wasu ba su fi faɗin allon ba. Babu injin da zai shiga nan. Balbela da zalɓe suka bar mu muka matso kusa da su sosai kafin su tashi. A nan na fi daɗewa ina kallo, har sauran suka yi mini nisa.

Dattijuwar ta tsayar da mu ta nuna gefen wata barene. Gefen a yanke yake tsaye, saiwoyi a waje, laka na zubewa gutsure-gutsure. Ta ce lokacin ƙuruciyarta filin ya wuce inda muke tsaye. Fiye da rabin waɗannan filaye sun ɓace cikin ƙarnin da ya wuce. Dalilan suna da yawa. Tun zamanin da Benis take daula mai cin gashin kanta, kafin Napoleon ya kawo ƙarshenta a 1797, mahukunta suka karkatar da koguna irin su Brenta da Piave da Sile don kada yashi ya cike tafkin, sai sabuwar laka ta daina zuwa. A shekarun 1960 aka haƙa babbar hanya mai zurfi daga Malamocco zuwa masana'antun Marghera domin tankokin mai, ruwa ya ƙara ƙarfin ja. Sannan ga igiyar ruwa da jirage masu inji ke tayarwa dare da rana.

Wannan ta ƙarshe ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji ta. Za mu tsallaka wata hanya mai turaku zuwa gefen tsibirin Lazzaretto Nuovo, ta ce kowa ya durƙusa, mu haye tare, mu yi sauri. Wata tasin ruwa ta wuce can nesa, farar fes, mutanen ciki suna ɗaukar hoto. Ta riga ta ɓace kafin igiyarta ta iso mu. Ta farko ta ɗaga hancin allon, ta biyu ta buge shi a gefe, ta uku da ta huɗu suka biyo, sannan duk suka wuce mu suka je suka daki gefen lakar, na ga ruwan wurin ya yi baƙi. Jirgi ɗaya ke nan. Direban bai san mun wanzu ba, ban kuma ce mugu ba ne, neman abincinsa yake. Amma wanda ke cikin jirgi mai gudu ba ya ganin abin da ya bari a baya, sai wanda ke ƙasa-ƙasa da ruwa.

Shi Lazzaretto Nuovo tun 1468 aka ware shi don tsare fatake da kayansu in ana zargin sun ɗauko annoba, su yi kwanaki kafin a bar su su shiga gari. Daga ruwa doguwar katangar jan bulo kawai muka gani, muka kewaya muka komo.

A bakin yashin kudancin Sant'Erasmo muka huta. Na yi alwala da ruwan gorata, na shimfiɗa rigata a inuwa na yi azahar, babu wanda ya dame ni. Abincina burodi da kifin gwangwani da tumatir da na saya a wurin wani manomi. Daga nan ana hango ƙofar Lido, da tsibirin da aka gina da hannu a tsakiyarta domin shingen da ake kira MOSE. Ƙyamare 78 ne na ƙarfe, masu launin rawaya, kwance a ƙasan ƙofofin uku. In an ga babbar ambaliya na tafe sai a hura musu iska su miƙe su tare teku. An fara aikin a 2003, ba a ɗaga su gaban ambaliya ta gaske ba sai ranar 3 ga Oktoban 2020. Kafin nan, a daren 12 ga Nuwamban 2019, tashin ruwa ya kai santimita 187, bai fi haka ba sai a 1966 da ya kai 194. Dattijuwar ta ce a daren nan na 2019 har gadon 'yar'uwarta ruwa ya hau. Tana godiya da shingen, amma ta ce in teku ya ci gaba da tashi har aka riƙa rufewa kullum, to wa zai wanke tafkin? Tambayar ta zauna mini, don abin da nake karantawa ke nan a aji, sai dai a aji ba na jin warin lakar.

Sai bayan la'asar muka shiga birni. Akwai doka a kan irin allunanmu: babbar hanyar ruwa ta tsakiyar gari, Canal Grande, haramun ce gare mu, haka wasu manyan hanyoyin, kuma ba a yin iyo ko'ina a lungunan. Na ga dacewar haka. Waɗannan hanyoyi su ne titunan mutane. Motar asibiti jirgi ce, mai kwasar shara jirgi, mai kawo siminti da mai kawo lemo duk jirgi. Baƙon da ya zo wasa bai kamata ya tare wa mai aiki hanya ba. Shi ya sa ta zaɓi arewacin Cannaregio da yamma, lokacin da masu dako suka tashi. Ta ce mu bi hagu, mu yi layi ɗaya, kuma kafin kowace kwana ita za ta yi kira da ƙarfi, “Oe!”, in an amsa daga can mu dakata.

Lungunan sun tuna mini da na cikin birnin Kano, ƙunci da inuwa da muryoyin mutane daga tagogi, sai dai a nan ƙasan ruwa ne kore. Wanki a shanye a kan igiya daga gida zuwa gida. Ƙamshin albasa a mai. A ƙarƙashin wasu gadoji dole mu durƙusa mu sunkuyar da kai. Abin da na lura da shi tun a kwanar farko shi ne gidajen nan ruwa suke fuskanta. Ƙofar da mai tafiya da ƙafa yake gani sau da yawa ta baya ce. Babbar ƙofa, mai baka da ado da matakalar dutse, tana nan ta ɓangarenmu, inda a da baƙo da kaya suke sauka.

Kuma da yawansu a rufe suke. Wasu an toshe da bulo, wasu ƙyauren ya ruɓe daga ƙasa, gansakuka ta hau matakala har ta ƙarshe. Da yake ruwa ya janye, gindin gidajen ya fito fili, na matsa na duba da kyau. A can ƙasa, cikin laka, itatuwa ne aka kakkafa dubbai, ba sa ruɓewa domin iska ba ta kai musu. A kansu aka jera farin dutsen Istiriya wanda ruwa ba ya ratsawa, sannan bulo a sama. Dabarar magina ita ce ruwa ya tsaya a kan dutse. Yanzu ƙasa ta ɗan nutse, teku ya ɗan tashi, ruwan gishiri yana kai wa bulon. Bulo ya sha, ya bushe, gishirin ya kumbura a ciki ya farfasa shi. Na sa yatsa a wani bango, jan gari ya biyo hannuna. A wasu wurare akwai rami tsakanin duwatsu inda igiyar jirage ta yi ta tsotse abin da ke riƙe su. An ƙayyade gudu a ƙananan lungu kilomita 5 a awa, amma ko a hakan, wani ƙaramin jirgi da ya wuce mu sai da ruwa ya yi ta dukan bangon nan da wancan na tsawon lokaci, mu ma muna rawa a tsakiya.

Na tambaye ta ina masu gidajen. Ta ce ita kanta yanzu a Mestre take kwana, can kan tudu, haya ta kore ta. A 1951 mutanen tsohon birni sun haura 170,000, a 2022 suka faɗo ƙasa da 50,000. Ta nuna mini tagar da aka haife ta a bayanta, yanzu ɗakin kwanan 'yan yawon buɗe ido ne. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma na ja bakina, don na san ni ma cikin baƙin nake.

Kusa da cocin Madonna dell'Orto ta ce in ɗaga kai. A jikin wani tsohon gida, can sama, an sassaƙa raƙumi ɗauke da kaya da mutum mai rawani a gabansa. Gidan wasu fatake ne da ake kira Mastelli. Raƙumi a garin da ko jaki ba shi da wurin takawa! Na yi ta murna ni kaɗai. Ai dukiyar garin nan daga fatauci da gabas ta fito, kuma wani abu daga cikin kayansa ya isa har wurinmu. Duwatsun ado na gilashi da ake yi a tsibirin Murano sun shiga kasuwannin Afirka ta Yamma, haka wata takarda mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta saitin haske, wadda ake yi a wannan yanki na Italiya, ta bi ta Tarabulus ta keta Sahara, malamanmu na ƙarni na 19 suka yi ta rubutu a kanta.

Ana gab da magariba muka fito bakin ruwa na arewa, muka hango katangar San Michele, tsibirin maƙabarta, da Murano a bayansa. Wasu matasa biyu suka wuce mu a dogon jirgin katako, tsaye, suna fuskantar gaba suna tura filafili, irin tuƙin mutanen garin. Bayansu ruwa ko motsi bai yi ba sosai. Dattijuwar ta ce tun 1975 ake yin wani gangami duk shekara, Vogalonga, tafiyar kusan kilomita 30 ba inji ko ɗaya, wanda aka fara shi don nuna ƙin yarda da ɓarnar igiyar jirage. Ta ce akwai ƙungiyoyin tuƙi da ke koyar da duk mai so, ta rubuta mini inda zan je in tambaya.

A jirgin ƙasa na komawa na kira Baba. Na ce, “Baba, yau a tsaye na yi tuƙi.” Ya yi dariya ya ce, “Kai da ko kwalekwale ba ka yarda ka shiga sai an riƙe ka?” Ya tambayi zurfin ruwan, ya tambaya ko suna kama kifi da taru. Na roƙe shi gobe da safe ya ciro tsohon littafin Kaka na rubutun hannu, ya ɗaga warƙa ɗaya saitin rana ya duba mini ko zai ga jinjirin wata uku. Ya ce in Allah ya kai mu zai duba. Cinyoyina da tafin ƙafata ciwo suke yi, ga aikin aji da ban taɓa ba na Litinin.