Hular Baffa

Tun ranar Laraba ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zuciyata ta yi sanyi.

Shekarata biyu ke nan a Amurka. Bayoloji nake karantawa, amma a jami'o'in nan ana barin ɗalibi ya ɗauki wani ƙaramin fanni ya goya a bayan babban, kwasa-kwasai kamar shida. Ni na zaɓi kimiyyar binciken laifuka, wadda suke kira foransik. A gidanmu na Gangare a Jos kowa ya ɗauka likitanci nake yi. Na gyara har na gaji, na ƙyale su.

Ina son fannin nan har cikin raina. Ranar da na fara shafa baƙar hoda a jikin kofin gilashi da ɗan buroshi mai laushi, zanen yatsa ya fito raɗau, na ɗauke shi da salatif na manna a farin kati, sai da tsigar jikina ta tashi. An koya mana ƙa'idar Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin bincike na 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, cewa duk abu biyun da suka taɓa juna sai ɗaya ya bar wa ɗaya alama. A jarrabawar tsakiyar zango babu wanda ya fi ni maki a ajin. Na fito da takardar a hannu ina neman wanda zan nuna wa, babu kowa, a Jos kuma dare ya riga ya yi.

To, ranar Laraba darasinmu kan yadda ake gane gawarwaki ne idan mutane da yawa sun mutu lokaci guda. Malamar ta ce a tsarin Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, abu uku ake dogara da su: zanen yatsa, haƙora, da DNA, wato ƙwayar halittar da mutum ke gada daga iyayensa. Tufafi da agogo da zobe taimako kawai suke yi, ba a yanke hukunci da su. Ko fuskar da ɗan'uwa ya duba ya ce nasa ne ba a sakankancewa da ita, domin wanda ke cikin firgici yana iya kuskure. Ta kawo misalin Niyok, inda mutum 2,753 suka mutu a harin 11 ga Satumba 2001, har yau fiye da dubu ba a tantance su ba, kuma ba a daina gwada ƙasusuwan ba.

Sai ta juyo gare ni, da yake ni kaɗai ce 'yar Afirka a ajin, ta tambaye ni yadda muke yi a ƙasarmu. Na san ba da mugun nufi ta yi ba. Na ce mu ba ma jinkirta gawa, a ranar ake yi mata sutura. Wani yaro a bayana ya ce, "To ta yaya kuke sanin naku kuka binne?" Biyu ko uku suka yi dariya.

Turancin ya gudu daga bakina. Ina zaune ina murza bakin hijabina, ajin ya yi tsit, har malamar ta wuce gaba.

A hanyar komawa ɗaki amsoshi suka yi ta zuwa. Da na gaya masa yadda ake wanke mamaci a wajenmu da hannun waɗanda suka san shi, a sa masa likkafani, unguwa ta fito ta yi masa salla, samari na rige-rigen ɗaukar makara babu mai neman ko sisi. Da na gaya masa wani tsoho a benen da nake zaune ya kwana huɗu a mace kafin a farga. Su da ke da injin karanta jini, ba su da maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce an tashi lafiya.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Yaron bai san ya taka min gyambo ba.

Ranar Talata 20 ga Mayu 2014 bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus ta Jos, na biyun ya samu waɗanda suka ruga ceto. Aƙalla mutum 118 suka rasu. Baffana, ƙanin Abba, takalma yake sayarwa a wajen. Ina 'yar shekara goma lokacin. Kwana biyu Abba yana zagaya ɗakunan ajiye gawa, yana dawowa da ƙauri a rigarsa, ba ya cin abinci. A rana ta uku ya ce ya same shi. Wuta ta cinye fuskar da hannuwan, da zoben azurfa ya gane shi, da kuma tsayinsa. Aka kai shi maƙabartar Zariya Rod. Ba na ganin laifin kowa. Ita kanta cibiyar gwajin DNA ta gwamnatin Legas sai a 2017 aka buɗe ta, balle Jos a wancan tashin hankali.

Hajiya, mahaifiyarsu, ta karɓi gaisuwa kamar kowa. Sau ɗaya tak na ji ta ce wa Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa, irin zoben nan ai rabin samarin kasuwa suna da shi. Ba ta sake tayar da maganar ba. Amma har na baro gida, in aka yi sallama da muryar namiji bayan isha'i, ita ke fara ɗaga kai.

Yanzu ga ni da ilimin da ya yi min nauyi. Na san haƙori da ƙashin cinya suna riƙe DNA shekaru a cikin ƙasa. Na san akwai wani nau'insa, na mitokondiriya, da ake gada daga uwa kaɗai, don haka na Baffa da na Abba da na Hajiya iri ɗaya ne. Ɗan auduga a goga a cikin kumatunta ya wadatar. Ni ce ma ba na ɗauke da shi, nawa na Umma ne.

Daren Alhamis na kira Abba na zayyana masa komai, har da yaron da dariyar. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Mamana, kabari za a tone? Wanda muka binne ɗan wani ne ko ba namu ba, kuma mun yi masa salla. Kada ki kuskura Hajiya ta ji wannan maganar." Na ce to, Abba. Muryarsa ta sauya, kuma a nan na gane shi ma shekarun nan duka yana ɗauke da zoben a ransa.

Jiya Hajiya ta sa aka kira mata ni. Ta ce, "Takwara, an ce sanyinku ya fi na Jos, kina dai rufe ƙirjinki?" Ta ba ni labarin tsadar dankali a Farin Gada, ta ce ta yi gwaten acca ta tuna da ni. Sai ta ce ta buɗe akwatinta tana neman turare ta ga hular Baffa, wadda ya bari a kan tabarmarta da safen ranar. Har yau ba ta wanke ta ba, ta ce, don bakin hular yana nan da maiƙon goshinsa.

Na san abin da ke cikin maiƙon nan, na san yadda ake yanke zaren a sa a kwalba. Na ce, "Hajiya, ki mayar da ita ki rufe akwatin da kyau, kada danshi ya shiga."

Ta ce, "Ai a ƙasan zannuwana take, babu abin da zai taɓa ta."