Godiyata ga duk wanda ya zo wasan karrama ni a filin Mahaha

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ranar Asabar da ta wuce yaran da nake koya wa tsaron raga suka haɗa kai da tsofaffin abokan wasana, suka shirya mini wasan karramawa a filin Mahaha da ke Ƙofar Na'isa. Da aka miƙo mini lasifika hawaye suka hana ni magana, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ke raina a nan.

Farkon wanda zan ambata, bayan Allah da iyayena, shi ne kocina na farko, Allah Ya jiƙansa da rahama. A ƙwallon unguwa kowa ya san wanda ake tura wa gola: ƙaramin cikin yara, ko wanda ba ya iya gudu. Haka aka tura ni. Wannan bawan Allah ne ya fara nuna mini cewa tsaron raga sana'a ce mai ilminta. Bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu, zai tsayar da ni a busasshiyar ƙasa ya yi ta jefo mini ƙwallo, yana gyara mini yadda zan faɗi a kan gefen jiki ba a kan gwiwar hannu ba, da yadda zan matso in rage wa ɗan gaba faɗin raga. Bai taɓa karɓar ko sisi daga hannuna ba. Safar hannun da na fara sawa ma tsohuwar tasa ce, ya ɗinke ta da zare ya ba ni. Iyalinsa sun zo ranar Asabar, kuma zuwansu ya fi mini komai.

Mun taso a lokacin da aikin gola ya canza gaba ɗaya. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan kulob ɗinsu ya mayar masa da ƙafa da gangan. Kafin nan hannu ne jarin gola, bayan nan dole ya koyi ƙafa ko ya zauna a benci. Na ga gwanaye da dama da wannan doka ta kawo ƙarshen wasansu, don ba su samu mai zama da su ya koyar da su ba. Mu da muka samu, ga shi mun kai ga cin abinci da ƙwallo, mun zaga jihohi a motar kulob, wataran da albashi, wataran sai alkawari.

Abokan wasana 'yan baya, ku ne kuka san sirrina. Ɗan gaba zai zubar da dama biyar, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola zai tare tara, ɗaya ta zame masa, sai a ce an saye shi. Na sha jin wannan kalma daga bakin 'yan kallo, kuma tana da ciwo ƙwarai. Ku ne kuke zuwa ku dafa ni a ɗakin sauya kaya ku ce gobe ma rana ce. Allah Ya bar zumunci.

Lokacin da kafaɗata ta goce, kulob ɗin da nake yi wa wasa ya daina ɗaukar wayata. Yayana ne ya sayar da babur ɗinsa aka yi mini aiki. Yaya, na san ba ka so in faɗa a bainar jama'a, ka yi haƙuri, alheri irin wannan ba ya ɓoyuwa. Uwargida kuma ita ta riƙe gida da ɗinkinta har na miƙe. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Da na ajiye safar hannu, wasu dattawan ƙwallon Kano ne suka matsa mini in je kwas ɗin horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Suka ce in dubi Alloy Agu da Ike Shorunmu, dukansu sun tsare wa Super Eagles raga, suka dawo suna horar da gololinta. Na gode da wannan shawara, domin a can na gane iya tsaron raga daban, iya koyar da shi daban. Kuma dokokin ba su daina motsi ba. Tun 2019 ɗan baya na iya karɓar bugun gola a cikin yadi na goma sha takwas, a 2025 kuma aka ce golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas za a ba abokan hamayya bugun kwana. Yaron da ba shi da kocinsa na musamman, wa zai zaunar da shi ya fahimtar da shi wannan?

Abin da ke damuna ke nan da garinmu. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Duk wanda ya riƙa zuwa kallo a waɗannan shekaru ya san rawar da Theophilus Afelokhai ya taka a raga. Amma ka zaga filayen unguwanni yau, za ka tarar kowa yana atisaye, gola yana gefe shi kaɗai, sai lokacin bugun fenareti ake tunawa da shi. Yaranmu suna son zama Vincent Enyeama ko marigayi Peter Rufai, ba mai nuna musu hanya.

Ku kuma yarana, kun ba ni mamaki. Na ji labarin karo-karon da kuka yi, har da masu tuƙa Adaidaita Sahu da rana su zo atisaye da yamma. Allah Ya yi muku albarka, Ya kai ku inda ban kai ba. Ina gode wa alƙalan wasa da suka busa kyauta, da 'yan agaji, da 'yan jarida, da masu kula da filin.

Safar hannu da ƙwallayen da aka ba ni kyauta zan raba su ga ƙananan gololi na ƙungiyoyin unguwanni. Duk uban da ɗansa ke son tsaron raga ya kawo mini shi ranar Asabar ko Lahadi da safe, ba a biyan komai, sharaɗin kawai kada ya bar makaranta da Islamiyya. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Allah Ya saka wa kowa da alheri, amin.