Itacen Najeriya don sassaƙa bik: a nemi guntaye, a bar gungume

Bik ɗin katako, wato biron rubutu, ƙaramin abu ne, amma ya fi kujera tsananin zaɓen itace. Siririn nan mai bututu biyu, wanda aka fi yi, guntun da yake ci bai wuce milimita 19 a kowane gefe ba, tsawo kuma 125 zuwa 130. A raba shi biyu, a huda kowane rabi da bakin dirili mai milimita 7, a manna bututun tagulla a ciki, a ɗora a injin juyi a yi ta sassaƙa har naman itacen da ya rage a bakin bututu ya koma kamar milimita ɗaya. A wannan kauri babu inda aibi zai ɓuya. Tsagar da kafinta zai toshe da garin katako da gam ya wuce abinsa, a nan ita ce za ta fasa bik ɗin gaba ɗaya.

Mu a Maraɗi, katakon da kafintoci ke aiki da shi galibinsa ta Najeriya yake shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Wanda ke son ya zaɓa da idonsa, Katsina ce kusa, Kano kuma ta fi yawan kaya, musamman Ƴan Katako ta Na'ibawa. Sai dai mai bik ba falanki yake nema ba. Abin da zai tambaya shi ne ragowar da masu kujeru da ƙofofi suka tara a bayan shago, guntayen da suka shekara suna kwance. Guntu mai kauri milimita 25, faɗi 150, tsawo 300, in aka datse shi biyu aka tsaga kowane rabi a kan milimita 22, zai ba da goma sha biyu, bayan an cire abin da bakin zarto ke ci. Kowane ɗaya na itace mai nauyi yana kai giram 50 zuwa 60, don haka ɗari ba za su wuce kilo shida ba. Kwali guda ne.

Kyan itace a jikin ƙofa daban yake da kyansa a jikin bik. Zanen da ke tafiya da faɗin tafin hannu, in an sassaƙe shi ya koma kaurin ɗan yatsa, ɓacewa yake yi, sai ka ga launi guda kamar an shafa. Abin nema shi ne zane ƙanana mai matsi: wurin gwafa inda reshe ya rabu da uwa, ƙululun da ke fitowa a jikin bishiya, ko iyakar da jan ciki ya haɗu da farin baya. Waɗannan wuraren kafinta ke ƙi don suna ba shi wuya a fere, shi ya sa ake samunsu da araha. In guntun ba shi da wani zane, a yanka shi a karkace maimakon a bi tsawon jijiya, layukan za su fito kamar zobba a kwance. Amma yankan karkace yana saurin ɓarewa a baki, sai da cizal mai kaifi da hannu mai sauƙi.

Kirya ce, a ganina, ta fi dacewa da mu. Cikinta ja ne mai duhu, jijiyarta a matse, tana ɗaukar sheƙi ko ba a shafa mata komai ba, kuma ta saba da zafi. Laifinta ɗaya, tana dakushe ƙarfe, sai an riƙa wasawa a kai a kai. Tsohon turmin kirya da ya tsage, ko taɓarya da ta karye, sun fi duk wani sabon yanka, don sun gama motsin da za su yi tun da daɗewa. A dai guji ƙasan turmi inda ya sha laima.

Maɗaci da kawo suna da sauƙin aiki, amma ƙofofin jikinsu a buɗe suke, sai an cike su kafin sheƙi ya zauna. Maɗaci in ba na gwafa ba ne, a bik ba ya cewa komai. Loko yana zuwa rawaya ya koma ruwan ƙasa in ya sha haske, wani lokaci kuma a ci karo da farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa ya karya bakin cizal. Malaina fara ce ba zane, a bar wa masu silin da akwati.

Kanya ce ake yawan ruɗin mutane da ita. Baƙin da ake so a can tsakiyar tsohuwar bishiya yake, kuma ɗan kaɗan ne, sauran jikin fari-fari ne ko ruwan toka. Baƙin itace na sosai daga dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru yake fitowa, ba shi da araha. Duk wanda ya miƙo maka guntu baƙi ƙirin ciki da baya a kan kuɗin banza, ka ce masa: "Alhaji, a ɗan datse mini bakin nan in gani." Rini da man takalmi ba sa shiga fiye da fata. Wannan datsewar ita ce kuma za ta nuna maka ko ɓargon itacen yana cikin guntun. In yana ciki, a tsaga a fitar da shi, don daga nan tsaga ke tashi. A tofa ɗan ruwa a sabon yankan, launin da ya fito shi ne kusan wanda bik zai ɗauka bayan an gama.

Maganar maɗobiya kuwa ba ta kyau ba ce kaɗai. Kyau kam tana da shi, ruwan zuma da layuka masu duhu, shi ya sa aka yi ta sare ta a Taraba da Adamawa da Kogi ana kaiwa Sin. Tun Janairun 2017 take cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya don kasuwanci. Taron da aka yi a Panama a 2022 ya ƙara maɗaci da kawo na Afirka a wannan rukuni, abin ya fara aiki a Fabrairun 2023, ya kuma shafi gungume da yankakken katako. Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar, ƙanƙantar guntu kuma ba ta mai da shi wani abu daban ba. Sabuwar maɗobiya a bar ta inda take. Sauran biyun, a tambayi ma'aikatan gandun daji kafin a tafi, a karɓi rasit mai sunan itace, kada sai an iso duwan, wato kwastan, a fara bayani. In ana son su ba ciwon kai, ragowar kafintocin cikin garin nan da tsofaffin kayan ɗaki sun isa.

Inda aka fi yin asara shi ne bushewa. Itacen da ya taso daga kudu da ruwansa yake zuwa, ko da mai kaya ya rantse ya bushe. Ya iso Maraɗi cikin hunturu ko bazara, iska ta tsotse bakunansa kafin tsakiya ta motsa, kwana uku sai ka ga tsaga. Saboda haka a ranar da aka yanka a tsoma bakuna biyun cikin narkakken kakin zuma ko kyandir, zurfin santimita ɗaya. A jera su a inuwa cikin ɗaki, da ƴan tsinke tsakanin sahu da sahu, nesa da ƙasa saboda gara. Kada a shanya a rana. A rubuta nauyin wasu ƙalilan a jikinsu da fensir, a riƙa aunawa duk mako da ƙaramin sikeli. Guntun giram 60 mai ruwa kashi 25 cikin ɗari, in ya sauka zuwa kashi 8, zai koma wajen giram 52. Sai nauyi ya tsaya mako uku a jere sannan a taɓa shi. Wanda ya yi gaggawa, itacen zai ci gaba da tsukewa a kan bututun tagulla, tagulla kuwa ba ta tsukewa, sai ya fashe a aljihun wanda ya saya. Dalilin yanka a kan milimita 22 ke nan ba 19 ba, don a sami abin gyarawa in ya lanƙwashe.

In ka ga ƙananan ramuka da gari mai laushi a ƙarƙashin guntu, ƙwaro na ciki, yawanci a farin baya. A ware shi nan take. Zafin digiri 60 na awa ɗaya ko biyu a tanda yana kashe su, amma sai bayan itacen ya bushe.

Ko busasshen ma yana iya fashewa wajen huji, musamman kanya da kirya, don zafi ke taruwa a rami. A rage gudun dirili, a shiga santimita ɗaya a fito a kakkaɓe gari, in bakin ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba a dakata. A yanka kowane rabi da rarar milimita biyar, a tsaya kafin bakin dirili ya ɓulla, sannan a datse rarar da zarto, ramin zai buɗe ba tare da ya ɓare ba. A goge bututun da samfefa kafin a sa gam, in ba haka ba zai saki ana tsakar juyi. A kuma sa takunkumi, ƙurar maɗaci da ta loko tana kama maƙogwaro.