Inda na kai wajen gane shekarar agogon Seiko

'Yan'uwa masu koyon gyaran agogo, ga inda aka kwana. Kwanakin nan na duƙufa kan Seiko 5, irin wanda alhazai suka riƙa kawowa tsarabar Makka, don shi ya fi yawa a teburin maigidana a kasuwar Wunti.

Ku kifa agogon, za ku ga lambobi shida a jere a murfin baya. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekara, ta biyu kuma wata: 1 zuwa 9 Janairu zuwa Satumba, sai O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Wanda ke hannuna da 1D ya fara. Disamba ke nan, amma ta 1971, ko 1981, ko 1991? Nan lambar ta yi shiru.

Inji ne ke raba gardama. A murfin akwai wata lamba mai ɗan layi a tsakiya, huɗun farko su ne nau'in injin. Nawa 6309 ne, wanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1988, don haka 1981 kaɗai ta dace. Da da 7 ya fara, 1977 da 1987 duk za su shiga, sai an ƙara bincike. Shi kuwa inji 7S26 bai fito ba sai 1996. Duk wanda ya kawo muku shi ya ce kakansa ya saya zamanin Gowon, ku yi murmushi kawai.

Da na kai wa maigida lissafina, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ka buɗe cikin?" Yana da gaskiya. Agogon da ya shekara arba'in yana yawo tsakanin masu gyara, in murfinsa ya lalace, na wani ake ɗaura masa. Sai ka sa gilashi a ido ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan fuska, wajen ƙarfe shida, sannan ka duba hatimin jikin injin. In lambar injin da ke murfi, fuska da jikin injin ta yi daidai, ka faɗi shekara hankalinka kwance. Ni a ganina, in sun saɓa, gara a gaya wa mai agogo cewa haɗe-haɗe ne, ko da ransa zai ɓaci.

Sauran agoguna sukan tona kansu da rubutu. Mai West Germany bai wuce 1990 ba, mai USSR bai wuce 1991 ba. Agogon Citizen nake son taɓawa nan gaba, in Allah ya yarda.