Kafin ka sayi sikirin shida, ka fara duba wutarka da sabis ɗinka

Tambayar da ta fi cika min akwatin saƙo daga 'yan uwa masu shiga harkar foreks, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, da kirifto ita ce, wace kwamfuta zan saya? Kuma in ka bi diddigi za ka tarar mutum ya ga wani ne a YouTube zaune gaban sikirin shida, jan kyandir da kore na zanen farashi ko'ina, sai ya ɗauka sai da wannan ake tiredin, wato cinikin. Wallahi abin yana damuna, don na ga samari sun kwashe jarin da ya kamata su koyi sana'a da shi sun zuba a kan kayan da ba su da wutar kunnawa. A nan Kano, kwamfuta ita ce ta uku a lissafi. Wuta ce ta ɗaya, intanet ta biyu.

Manhajar cinikin da yawancinmu muke amfani da ita, wato MetaTrader, ba ta da nauyi ko kaɗan. MetaTrader 4 tun 2005 kamfanin MetaQuotes ya fitar da ita, MetaTrader 5 kuma 2010, wato an gina su ne don kwamfutocin wancan zamanin. Abin da ke cin RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, shi ne burauza, in ka buɗe TradingView, shafin duba zanen farashi, da shafuka goma ga Telegram ga kalandar labaran tattalin arziki, nan ne za ka ga ta fara ja da baya. To laftof mai Core i5, RAM 8GB, in da hali 16GB, da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ko 256GB ce, ta ishe ka har ka gaji. SSD ɗin nan kada ka yi wasa da shi, in wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta daskare kana da ciniki a buɗe, bambancin tashi cikin daƙiƙa kaɗan da jiran tsohon had disk na minti biyu zai iya zama bambancin kuɗi. Katin girafik na 'yan gem ba ruwanka da shi, wuta kawai zai sha maka ya ƙara zafi.

In tokunbo za ka saya a Beirut Road, ka nemi irin na ofis, ThinkPad ko Dell Latitude ko HP EliteBook, sun fi jure wahala kuma kayan gyaransu a cike suke a kasuwa. Amma ka lura da abu ɗaya, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance sai Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, saboda haka i5 ɗin da za a miƙo maka da araha ka duba lambarsa, in ta fara da 6 ko 7 ka ajiye musu abinsu. Ka cire caja a gaban mai shago ka ga yadda batir yake sauka, ka gwada ramin HDMI da ake jona sikirin, ka saurari fanka. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, kwamfutar da ke huci tun a shago ba za ta kai ka ko'ina ba.

Sikirin kuma guda ɗaya mai inci 24 ka haɗa da na laftof ɗin, shi ke nan. Mutum mai bin EURUSD, wato farashin yuro da dala, da zinare kawai me zai kalla a guda shida?

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce zuciyar abin. Dalilin da ya sa nake cewa laftof ba kwamfutar tebur ba, laftof tana zuwa da batirinta, cajarta wat 45 zuwa 65 ce, alhali babbar kwamfutar gem da sikirin da yawa za ta iya cin wat ɗari uku ko fiye, wato sai ka ninka girman inbata da batir sau da yawa kafin ka riƙe ta. Laftof da sikirin ɗaya da rawuta, wato na'urar da ke ba ka intanet, gaba ɗaya ba su cika wuce wat 100 ba, ƙaramin inbata da batirin litiyam da faranti ɗaya ko biyu na sola sun ɗauke su tun safe har dare. Wanda ya ga abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna jihohin arewa suka kwana da kwanaki cikin duhu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma don Allah ka sa rawutarka a kan batir, mutane da yawa suna mantawa da wannan, laftof tana kunne amma intanet ya tafi tare da wuta, to me aka yi kenan.

Intanet kuma ba gudu muke nema ba, tsayuwa muke nema. Farashin da ke shigowa MetaTrader ba ya cin data sosai, abin da ke kashe mutum shi ne yankewa. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ɗaya a rawuta ɗaya a waya, kuma ka sa manhajar burokanka, wato kamfanin da kake ciniki ta hannunsa, a wayar ka shiga ka gwada tun kafin ranar buƙata. Starlink ya shigo Najeriya a farkon 2023 kuma masu hali suna jin daɗinsa, sai dai shi ma yana shan wuta kusan kamar laftof ɗin kanta, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana taɓa shi, ka sa wannan a lissafin batirinka.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai kusan. Rahoton ayyukan yi na Amurka, NFP, yawanci Juma'ar farko ta wata yake fitowa, ƙarfe 1:30 na rana agogon Najeriya lokacin bazararsu, 2:30 lokacin sanyinsu, daidai lokacin da muke masallaci ko muna hanya. Kasuwa tana iya tsalle sosai a mintunan nan. Abin da ya kamata ka sani, sitof los, wato umarnin rufe ciniki in asara ta kai wani mataki, da ka sa a kan ciniki yana zaune ne a sabar buroka, wato babbar kwamfutarsu, ko ka kashe kwamfuta yana nan, amma irin sitof los ɗin da ke bin farashi yana matsawa da kansa a MetaTrader a kwamfutarka yake aiki, da zarar ta mutu ko sabis ya yanke ya daina matsawa, ya tsaya inda ya tsaya. Haka ma robot, wato EA, manhajar da ke yi maka ciniki da kanta. Ni dai ra'ayina ka rufe cinikin ka tafi sallarka hankali kwance.

Mai amfani da robot shi ne yake buƙatar VPS, kwamfutar haya ce da ke kunne dare da rana a wata cibiya, ka zaɓi wadda ke kusa da sabar burokanka, da yawa suna wajen Landan ko New York. Mai danna ciniki da hannunsa ba lallai ba ne.

Sai tsaro. Kwamfutar da kuɗinka ke ciki kada a sa mata manhajar sata, kada ka sauke robot ko indiketa da wani ya turo a guruf ɗin Telegram wai kyauta, ta nan ake kwashe wa mutane kalmar sirri. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu da Google Authenticator, kalmomin sirri na dawo da walat ɗinka na kirifto kuma a takarda za ka rubuta, ba hoto a waya ba. In yara ko ƙanne suna taɓa laftof ɗin, ka buɗe musu nasu akawun daban a Windows, don MetaTrader yana da tsarin ciniki da dannawa ɗaya, yaro yana iya buɗe maka lot guda, wato babban ciniki, bai san ya yi ba.