Randunan da ke Binne a Kaheti

Makon jiya na dawo daga ƙasar Jojiya, har yanzu gefen faratana da sauran jan ruwan inabi. Daga Tibilisi, babban birnin ƙasar, muka haura tsaunin Gombori, wajen awa biyu, muka gangara kwarin Kogin Alazani a yankin Kaheti, inda mafi yawan inabin ƙasar yake. Direban tasi na ganin baƙo ya ninka kuɗi. Na juya baya kamar yadda muke yi a tasha a gida, ya kira ni ya rage. Ƙarshen Satumba ne, ana tsakiyar girbi.

A wani ƙauye kusa da garin Telabi, dattijon da ya sauke ni ya shigar da ni ɗakin da suke kira marani. Babu komai sai bakunan ramuka jere a daɓe, wallahi kamar marinar Ƙofar Mata a Kano. Ashe randunan yumɓu ne na haɗa giyar inabi, da suke kira kwebri, masu siffar ƙwai da tsini a gindi, an binne su har wuya. Wata na cin lita ɗari uku, wata sama da dubu, sai da tsani ake shiga wanke ta. Ƙasa ce ke riƙe musu sanyi, kamar randar ruwan da muke kafawa a jiƙaƙƙen yashi. A 2013 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun gado na duniya.

Sabuwar randa tun da ɗuminta ake shafe cikinta da kakin zuma, ya toshe ƙananan ƙofofin yumɓun. A matse inabi, a zuba ruwan tare da ɓawo da ƙwaya, wani lokaci har da karan da 'ya'yan inabin ke jiki. Ba a cika ta, a bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu, domin in ya fara tafasa da kansa, ba da wuta ba, kumburowa yake. Ba a sa yisti, wanda ke jikin ɓawo ya isa. Mako biyu zuwa uku ɓawon na tasowa sama, ana danna shi da sanda sau uku ko huɗu a rana. In aka yi sakaci saman ya bushe, iska ta samu hanya, sai duk randar ta koma ruwan tsami. Kara kuwa in ɗanye ne, bauri yake sawa, sai wanda ya ƙosa. Tafasa na kwantawa a cika randar, a rufe da faifan dutse, a liƙe da ɗanyen yumɓu har Maris ko Afrilu. Ƙwaya ta nutse cikin tsinin, ɓawo ya danne ta, ruwa ya tace kansa a sama. Dattijon ya ce yawancin asara daga wanki take: randar da ba a kankare da ɓawon icen ceri an wanke da ruwan farar ƙasa ba, warin ruma za ta bayar.

Irin inabinsu na gado ya haura 500. Na fasa ƙwayar Saperavi da farce, har naman cikin ja ne wur, sunan ma rini yake nufi. Rkatsiteli fari ne mai ɗan tsami, yana jure sanyi, in ya yi wata shida da ɓawonsa sai ya fito kalar zuma. Kisi saura ƙiris ya ɓace zamanin Tarayyar Sobiyet, da aka fifita iri masu yawan yabanya. Abin ya taɓa ni, don haka muke sakin irin dawa da gero na kakanninmu.

Da aka shimfiɗa abinci na ce ba na shan giya, addinina ya hana. A wajensu ƙin kofin mai gida ba ƙaramin abu ba ne, amma ya dafa ƙirji, ya sa aka kawo mini ruwan inabin da aka matse da safen nan, da curcela: ƙwayar walnat a zare, a tsoma cikin dafaffen ruwan inabi da aka kaurara da garin alkama, a rataye ta bushe. Ko kwabo ya ƙi karɓa. A shagunan Tibilisi kuwa irinta tsada kamar me, ga ta a bushe ƙamas.

Signagi gari ne mai ganuwa a kan tudu, da kyan gani, amma komai farashin 'yan yawon buɗe ido. A yammacin ƙasar, yankin Imereti, randar curi suke ce mata, ɓawo kaɗan suke zubawa, inabinsu Tsolikouri da Tsitska. Ruwan sama ya hana ni shiga gonakin.