Tashar jirgin ƙasa ta Nguru

Mu mutanen Damagaram mun tashi ba mu san jiniyar jirgin ƙasa ba, domin Faransawa ba su shimfiɗa mana dogo ba, ko a lokacin da Zinder take hedikwatar mulkinsu, kafin su mayar da ita Yamai a 1926. Saboda haka, da zumunci ya kai ni Nguru ta jihar Yobe, sai na roƙi mai masaukina ya raka ni tasha.

A nan dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe tun 1930, kuma shi ya mayar da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu, waɗanda raƙuma suke saukewa, ƴan dako su loda a tarago zuwa Legas. Na daɗe ina kallon tsofaffin ƙarafan, awaki suna kiwo a tsakaninsu, raina ya sosu ƙwarai, don kakannina fatake ne da suka ci abinci ta wannan hanya.

Yanzu ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021. Ina taya Maraɗawa murna, amma a ganina Damagaram ma ta cancanci nata reshen, ko don kasuwar Dole da matatar mai.